Intel ko Ryzen? Abin da jinkirin masana'antun Amurka ya bar mana a shagunan Jos

Wata Asabar da hantsi ɗiyar yayata ta same ni a shago da hotuna biyu a wayarta. Ɗaya kwamfutar cinya ce ta HP mai tambarin Core i7, ɗayar kuma Lenovo mai tambarin Ryzen 5, dukansu na hannu. Kuɗin da mahaifinta ya tara na guda ɗaya ne, malamansu a jami'a kuma sun fara ba su aikin da ba ya yiwuwa a waya. Ta ce, "Kawu, ai i7 ɗin ta fi ko? Bakwai ai ta fi biyar. Kuma mai shagon ya ce Ryzen zafi take yi."

Na karɓi wayar na buɗa hoton har na ga ƙananan lambobin. HP ɗin i7-7500U ce, Lenovo ɗin kuma Ryzen 5 PRO 4650U. Na ce mata ta ɗauki Lenovo, ko da za a ƙara mata wani abu a kan kuɗin. Furosesar i7 ɗin ta 2016 ce, ƙwayoyin aikinta biyu, kuma ba ta cikin jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Ryzen ɗin ta 2020 ce, ƙwayoyinta shida. Ƙwaya a nan kamar lebura ne a wurin gini: biyu masu ƙarfi za su yi aiki, amma shida masu ƙarfin da ya kai nasu ko ya fi za su tashi da wuri.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Kawu, ya aka yi mai ƙaramin suna ta fi mai babban suna?" Amsar tana da tsawo, kuma duk mai shirin sayen kwamfuta a garin nan ya kamata ya ji ta, domin abin da ke jere a shagunan titin Ahmadu Bello yau, sakamakon wani jinkiri ne da ya faru a masana'antun Intel shekaru da suka wuce.

Furosesa ɗan falle ne na silikon da bai fi farce girma ba, amma a cikinsa akwai biliyoyin ƙananan makunnai da ake kira taransista. Iya ƙanƙantarsu, iya yawan da za a cusa a wuri ɗaya, iya kuma ragin wutar da za su ci. Shi ya sa ake jin nanomita 14, nanomita 10, nanomita 7. Lambobin sun daɗe da komawa sunan talla fiye da awo na zahiri, har ma 10 ɗin Intel ya yi kusa da 7 ɗin kamfanin TSMC na Taiwan, amma duk da haka suna nuna wane zamani ake ciki. A kan faifan silikon guda ake buga ɗaruruwa, a yanka su. Kamar maginiyar tukwane ne: in ta gasa ɗari, tamanin suka fashe, ta iya gini amma ba ta da abin kaiwa kasuwa. Mu mutanen Jos ma muna da ɗan alaƙa da harkar, don dalmar da ake liƙa waɗannan abubuwa a jikin allon kwamfuta yawancinta kuza ce, irin wadda ta tara kakanninmu a wannan tsauni.

Bambancin kamfanonin biyu, Intel mai Core i7 da AMD mai Ryzen, daga nan ya faro. Bisa al'ada Intel shi ke zana furosesarsa, shi ke ƙera ta a masana'antunsa na Oregon da Arizona da Ailan da Isra'ila. AMD, mai Ryzen, ya rabu da masana'antunsa tun 2009, suka koma kamfanin GlobalFoundries, shi kuma ya tsaya a zane yana bayar da kwangilar ƙira. Intel tela ne mai saƙa yadinsa da kansa. AMD tela ne mai zuwa kasuwa ya yanko yadi. Muddin masaƙar tana aiki, na farko ya fi riba da iko. Ranar da ta tsaya kuwa, ga salla ta matso, ɗinkin da ya riga ya yanka wa fasali ba shi da yadin da zai hau.

Abin da ya faru ke nan. Shekara da shekaru Intel yana tafiya kan tsari guda: bana a ƙanƙanta taransista, baɗi a sabunta zane. Nanomita 14 ya ɗan makara, ya fito a ƙarshen 2014. Nanomita 10 aka sa wa 2016. A Yulin 2015 aka ɗaga shi zuwa 2017. A Afrilun 2018 aka sake ɗagawa zuwa 2019. Shugabannin kamfanin daga baya sun amsa cewa sun ɗauko da zafi: sun so ninka cunkoson taransista sau 2.7 a tsalle ɗaya, alhali an saba da ninki biyu, kuma ba tare da sababbin injinan EUV na kamfanin ASML na Holan, masu zana taransista da wani haske na musamman, ba. TSMC ya fara aiki da waɗannan injinan a 2019, Intel kuwa sai a 2023 kayansa na farko da aka yi da su suka shigo kasuwa. Tukwanen suna ta fashewa a wuta. Da yake sabon zanen an ɗaure shi da sabuwar ƙirar, sai ya zamana zanen Skylake na 2015 aka riƙa gyara wa fuska ana sake fitarwa: zubi na 6, na 7, na 8, na 9, har da wani ɓangare na zubi na 10, duk gida ɗaya ne. A kwamfutar tebur har zubi na 11 da ya fito a Maris 2021 yana kan nanomita 14.

Kafin a ce na tsaya wa AMD, maganar mai shagon nan ta cewa "zafi take yi" ba daga sama ta faɗo ba. Shi ma AMD ya ɗanɗani jinkiri, kuma ya kusa kai shi ƙasa. A Yulin 2006 Intel ya fito da Core 2 Duo. Amsar AMD, furosesar da ake kira Barcelona, ta makara zuwa ƙarshen 2007, ta kuma zo da aibin da ya tsayar da jigilarta na watanni. A 2011 ya fito da zanen Bulldozer, wanda ya ci wuta bai yi gudu ba. A 2015 hannun jarinsa ya faɗo ƙasa da dala 2. Kwamfutocin AMD na wancan zamanin, masu tambarin A4 da A6 da E1, su ne muka sha fama da su a kan teburin gyara, fanka na kuka aiki na rarrafe. Duk wanda ya sayar da su ya ji ƙorafin masu saye ba zai manta ba. Kuskuren kawai shi ne a ɗauki laifin 2013 a shafa wa kayan 2020. A waɗancan shekarun ne kuma Intel ya ci karensa babu babbaka: kusan shekara goma kwamfutar tebur ta gama-gari tana tsaye a ƙwaya huɗu, siririyar kwamfutar cinya kuma a ƙwaya biyu, ko da an rubuta mata i7.

Lisa Su ta karɓi ragamar AMD a Oktoban 2014, kuma a Maris 2017 Ryzen ta fito. Mai ƙwaya takwas, Ryzen 7 1800X, dala 499, a lokacin da mai ƙwaya takwas ta Intel ta haura dala 1,000. Faɗuwar wani tashin wani. Da nanomita 10 ya fito a kan kari, da wuya Ryzen ta samu wurin sa ƙafa. Da GlobalFoundries ya ce a Agustan 2018 ya haƙura da nanomita 7, AMD bai zauna jira ba, ya ɗauki zanensa ya kai wa TSMC, a Yulin 2019 kuma Ryzen 3000 ta kwamfutar tebur ta fito a kan nanomita 7. Tela mai yanko yadi ya sauya rumfa kawai.

Matsin nan ya yi wa mai saye rana tun kafin ya taɓa Ryzen. A Agustan 2017 Intel ya ninka ƙwayoyin siraran kwamfutocin cinya: i5-7200U biyu gare ta, i5-8250U huɗu. Shi ya sa i5 ta zubi na 8 (zubin shi ne lambar da ke farko bayan i5 ko i7, kamar 8 a 8250U) take barin i7 ta zubi na 7 a baya, abin da har gobe nake bayani a shago ana kallona kamar ina son in sayar da nawa. Sai dai ƙarin ƙwaya yana cin fili a faifai, kuma komai ya cunkushe a tsofaffin masana'antun nanomita 14, sai aka shiga ƙarancin furosesar Intel a 2018 da 2019, har kamfanin ya rubuta wa abokan cinikinsa takardar ban haƙuri a Nuwamban 2019. HP da Lenovo ba za su rufe layin haɗa kaya suna jira ba. Nan ne Ryzen ta samu shiga sosai cikin kwamfutocin ofis masu daraja, irin su ThinkPad T495 da T14 da EliteBook 845. Kamfanonin Turai da Amurka suna aiki da kwamfuta shekara uku zuwa huɗu su sauya, dilolin gwanjo su kwasa, ta biyo ta Ikeja ko ta Banex da ke Wuse 2, ta iso mana. Lenovo ɗin da ke wayar ɗiyata ta wannan hanyar ta zo.

Sauran labarin ya fi shafar masu hannun jari, amma yana nuna nauyin abin. A Yulin 2020 Intel ya sanar cewa nanomita 7 ɗinsa ma zai makara, washegari hannun jarinsa ya zube da kusan kashi 16 cikin ɗari. A Nuwamban shekarar Apple, wanda ke amfani da Intel tun 2006, ya fito da tasa furosesar, M1, ƙirar TSMC. A manyan kwamfutocin rumbun bayanai, inda ribar gaske take, Sapphire Rapids ta Intel ta yi ta ɗaguwa har Janairun 2023, a lokacin AMD ya riga ya fitar da EPYC mai ƙwaya 96. AMD, wanda kasonsa a wannan fagen bai taka kara ya karya ba a 2017, ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu a 2024. Amma AMD bai iya cinye gaba ɗaya ba, saboda mai sayen yadi a kasuwa layi yake bi: a TSMC akwai Apple a gabansa, ga kuma furosesoshin PlayStation 5 da Xbox da shi kansa yake zanawa suna neman kaso a ƙarshen 2020. Har yau mafi yawan kwamfutocin cinya da ake sayarwa a duniya Intel ne a cikinsu. Wannan ya sa kantocinmu suka cika da Intel, kayan gyaranta suka fi sauƙin samu, masu gyaran allo kuma suka fi sanin hanyoyinta.

To, ga mai kuɗi a hannu, wacce zai ɗauka? Ni ba na duba sunan kamfani sai na fara duba shekara, don kowane kamfani yana da shekarun da ya yi fice da waɗanda ya yi barci.

Duk abin da ya gaza zubi na 8 a Intel, na daina ba wa kowa shawarar saye, komai kyan jikinsa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma daga zubi na 8 take farawa. Ana iya cusa ta ta bayan gida, na sani, amma ba zan so ɗalibi ko mai harkar kuɗi ya dogara da hakan ba. AMD mai harafin A ko E kuwa, a bar wa mai ita.

A kayan 2018 da 2019, Intel nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba. I5-8250U, 8350U, 8265U, 8365U, a cikin ThinkPad T480 ko T490, EliteBook 840 G5 ko G6, Latitude 5490 ko 7490. Kishiyarsu ita ce Ryzen 5 3500U, wadda duk da lambarta ta 3000 ba ta cikin masu nanomita 7, tsohon zane ce a kan nanomita 12. Ta fi su ƙarfin hoto, amma batirinta bai kai nasu jimiri ba, kuma a garin da za a ɗauke wuta tun asuba sai bayan isha, awa ɗaya ta batir ba abin wasa ba ce. Ga mai shagon buga takardu, ko malami mai haɗa sakamakon jarrabawa, ko ɗan kasuwa mai lissafi a Excel, zubi na 8 da ram 16 (ƙwaƙwalwar aiki, gigabait 16) da SSD (ma'ajiya mai sauri) ya wadatar. Hattara ɗaya: wasu T480 da 840 G5 da Latitude 5490 an yi su da furosesar zubi na 7 a ciki. Jiki ɗaya, suna ɗaya. Ni kaina na taɓa karɓar guda biyar daga wani dila na wani gari a kan cewa zubi na 8 ne, na yarda da takardar da ke manne a jiki ban kunna ba. Da na zo sanya musu manhaja, biyu suka nuna i5-7300U. Sai da muka yi sati uku muna waya kafin ya rage mini wani abu, kuma na sayar da su a kan gaskiyarsu da asara. Tun daga ranar ba na biyan kuɗi sai na buɗe Task Manager, shafin Windows mai nuna aikin kwamfuta, na ga lambar furosesa da adadin ƙwayoyinta da idona.

Kayan 2020 da 2021 su ne inda jinkirin ya fi fitowa fili, kuma su ne suka fi yawa a kasuwa yanzu, don haka a nan zan daɗe. Zubi na 10 na Intel iri biyu ne da suna ɗaya. Akwai masu lamba biyar da U a ƙarshe, kamar i5-10210U da i5-10310U, waɗanda tsohon zanen nan ne na nanomita 14, ƙwaya huɗu, kusan tagwayen zubi na 8. Akwai kuma masu harafin G, kamar i5-1035G1 da i7-1065G7, waɗanda su ne nanomita 10 na gaske da aka daɗe ana jira. Kwamfutocin ofis irin su EliteBook 840 G7 nau'in farko aka sa musu. Yana ba ni takaici in ga mutum ya ƙara kuɗi masu kauri don ya tashi daga "takwas" zuwa "goma", alhali abin da ya ƙaru a gudun bai kai ya lura da shi ba. A daidai wannan shekarar AMD ya fito da Ryzen 4000: 4500U da 4650U masu ƙwaya shida, 4700U da 4750U masu takwas, a kan nanomita 7, ba su cin wuta, ba su ɗaukar zafin da ake faɗa. Tsakanin EliteBook 840 G7 da 845 G7, jiki kusan ɗaya ne, amma 845 ɗin ta fi ta nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ana samunta da sauƙi saboda tsoron da masu saye ke yi wa sunan. Mai koyon rubuta manhaja, mai buɗe shafuka talatin a lokaci guda, mai gudanar da wata Windows ko Linux a cikin kwamfutarsa, duk nan ne wurinsu.

Zubi na 11 ya sauya lissafin kaɗan. I5-1135G7 da i7-1165G7 ƙwaya huɗu ne har yanzu, amma kowace ƙwaya tana da gudu sosai, ga sashen hoto mai suna Iris Xe, ga ramin jona kaya mai sauri na Thunderbolt 4, ga kuma Quick Sync, wani sashe da ke sauƙaƙa sarrafa bidiyo. Abokina mai ɗaukar hoton biki, wanda ke kwana yana haɗa bidiyon kamu da walima, shi na ce ya zauna a Intel zubi na 11 zuwa sama, don manhajar da yake aiki da ita ta fi sabawa da wannan sashen. Wanda ba bidiyo ne sana'arsa ba, Ryzen 5 5600U ko PRO 5650U mai ƙwaya shida ta fi masa. A duba ramin ram kafin a biya: 845 G7 ramuka biyu gare ta, T14 ɗaya a liƙe ɗaya a buɗe, T14s kuwa duk a liƙe yake, abin da ka saya da shi za ka zauna.

Daga 2022 zuwa sama an koma kunnen doki. Zubi na 12 ya zo da manyan ƙwayoyi da ƙanana a haɗe, i5-1235U tana da goma, biyu manya takwas ƙanana, Ryzen 6000 kuma ta zo da hoto mai ƙarfi da batir mai kyau. A nan farashi da lafiyar kwamfutar su za su raba gardama. Amma AMD ma ya koyi sa wa tsohon kaya sabuwar riga. Ryzen 5 5500U zanen 4000 ce. Ryzen 5 7520U, wadda ake sayarwa sabuwa a kwali da tambarin 7000, ƙwaya huɗu ce kan zanen 2019, kuma 5600U ta hannu ta fi ta. A jerin 7000 na kwamfutar cinya, lamba ta uku ita ce ke faɗin gaskiyar zanen: 2 tsoho ne, 3 da dama-dama, 4 sabo.

MacBook fa? M1 Air ba ta da fanka ma, kuma batirinta yana kai mutum yini. Ga ɗan jarida ko mai zane, ni ban ga kamarta a matsalar wutarmu ba. Sai dai ram da ma'ajiyarta a liƙe suke, gyaranta da tsada, kuma ɗaliban ilimin ma'adinai da taswira da zanen gine-gine, waɗanda muke da su da yawa a Jos, su sani ArcGIS Pro da Revit na Windows ne. MacBook mai Intel a ciki kuwa, ita ce marainiyar wannan rikici: Apple ya sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau kanta. Kar kyan jikinta ya ja ka.

A kwamfutar tebur akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, wato soket, gurbin da furosesa ke zama. AMD ya riƙe gurbin AM4 daga Ryzen ta farko har zuwa jerin 5000. Wani maƙwabcina mai zanen fosta ya haɗa tasa a 2019 da allon B450 da Ryzen 5 2600. Bara muka sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke tayar da allon, muka cire ta muka sa 5700X, bai sayi allo ba bai sayi ram ba. A ɓangaren Intel, zubi na 6 da 7 allo ɗaya, 8 da 9 wani allon duk da ƙafafun iri ɗaya ne, 10 da 11 wani, 12 zuwa 14 wani. Mai haɗawa da kansa yana ƙarawa a hankali, AMD ya fi masa rangwame. Mai neman kwamfuta ashirin ko hamsin iri ɗaya don cibiyar jarrabawa ko makaranta kuwa, ƙananan OptiPlex da ProDesk masu Intel zubi na 8 ko 9 zai nema, don suna da yawa, ba su cin wutar sola, in ɗaya ta mutu kuma ana samun 'yar'uwarta. Manyan furosesoshin tebur na zubi na 13 da 14, irin su i7 da i9, in na hannu ne a yi taka-tsantsan. A 2024 Intel ya amsa cewa wutar da ta wuce kima tana lalata wasunsu, ya fitar da gyara ya ƙara garantin shekara biyu, amma wadda ta riga ta lalace gyaran ba ya dawo da ita, garantin kuma da wuya ya biyo ta har nan.

Saura tambayar da nake sha kusan kullum: "Oga, an ce sabuwa na fitowa, in jira farashi ya sauko?" Jinkiri iri biyu ne. Akwai na makonni, kamar yadda AMD ya ɗaga fitar Ryzen 9000 daga ƙarshen Yuli zuwa Agustan 2024 don ya sake tantance kayan, wanda ba ya sauya komai. Akwai kuma na masana'anta, mai cin shekaru, wanda ba wanda ke iya faɗin ranar ƙarewarsa, har masu kamfanin. Wanda ya ce a 2016 zai jira nanomita 10, shekara uku ya yi yana jiran gawon shanu. Mu nan ma ba ranar fitowar kaya a Amurka ce ke juya farashinmu ba, dala ce. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a farkon 2024, duk wani ragin da sabuwar furosesa za ta jawo ya narke a ciki. A ƙarshen 2025 kuma farashin ram ya yi tashin gwauron zabi saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna wawashe shi. In aiki na jiranka, sayi abin da ke gabanka.

Ina fatan Intel ya miƙe, kuma da gaske nake. Pat Gelsinger ya dawo kamfanin a matsayin shugaba a 2021 da alkawarin matakan ƙira biyar a shekara huɗu, ya sauka a Disamban 2024, bayan kamfanin ya sanar da sallamar ma'aikata wajen 15,000, ya kuma kai ƙirar furosesarsa Arrow Lake wurin TSMC, abokin hamayyarsa. Lip-Bu Tan ya karɓa a Maris 2025, a Agusta kuma gwamnatin Amurka ta mallaki kusan kashi 10 na kamfanin. Dalilin fatana a aljihunmu yake. Da AMD ya ga ya wuce gaba a Nuwamban 2020, sai ya sa wa 5600X dala 299, alhali wadda ta gada, 3600X, dala 249 ce. Duk wanda ya rasa kishiya a cikinsu, mu ne za mu biya.

Game da zafi, sanyin Jos yana rufa wa kwamfutoci asiri, abin da wanda zai kai tasa Gwagwalada a watan Maris ba zai samu ba. Amma ƙurar hunturu ba ta tambayar Intel ko Ryzen. Lenovo ɗin ɗiyata da aka kawo, na kwance bayanta a gabanta, na zaro wani curin ƙura daga bakin fanka, ya dunƙule kamar audugar katifa. Man da ke kan furosesar ya bushe yana ɓarewa kamar tsohon fenti. Na goge, na sa sabo, na hura fankar, sai kukan ya ɗauke. Rahoton batir ya nuna saura kusan kashi huɗu cikin biyar na ƙarfinsa na asali, BIOS ba kalmar sirri, cajar kuma ta asali ce. Ram 8 ne liƙe a allo, ramin gefe ba komai, sai na sa mata wani 8 ɗin daga cikin nawa.

Ta tsaya tana kallon layuka goma sha biyu suna motsi a Task Manager, ta ce, "Kawu, ba ka ce shida ba?" Na ce kowace ƙwaya hannu biyu gare ta. Ranar Litinin ta saka ta a jaka ta hau keke zuwa Naraguta.